Malam Da'u, Wanda Ba Ya Katse Kowa Sai da Sallama

Kafin masu ƙosai su gama kaskon farko a bakin tashar Gaya, Malam Da'u ya riga ya jingine babur ɗinsa a gindin darbejiyar da ke bayan shagunan masu taki. Zai buɗe wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ya tuɓe takalmi a waje, ya leƙa batiran sola, ya ɗora tafin hannu a bayan wata baƙar na'ura ya ji ko ta kwana da zafi. Daga nan sai ya zauna, ya goge tabarau da bakin riga, ya yi bismilla, ya kunna allo. Shekara goma da ɗoriya ke nan yana wannan sammakon. Ƙarshen watan nan zai miƙa mukullin ɗakin, domin idanun sun fara gardama, likita kuma ya ce a raba su da hasken allo. Shi ya sa na ga ya wajaba in faɗi abin da na sani game da shi tun yana iya karantawa da kansa, ko da zai ji haushina.

Ga wanda ba ɗan yankinmu ba, bari in yi bayanin ɗakin. Shekarun baya, malaman makaranta da 'yan kasuwa da wasu ma'aikatan lafiya na Gaya da Ajingi suka gaji da hawa tudu neman sabis, suka haɗa ƙungiya, suka kafa dogayen ƙarafa masu eriya a Gaya da Toranke da Gafasa, suka jawo intanet. Kowane ɗan ƙungiya yana da suna da kalmar sirri. In ya zo shiga, baƙar na'urar nan, wadda masu sana'ar suke kira saba, ita ce take tare shi a ƙofa ta tantance ko shi ne. In ta gane shi sai ta buɗe masa, ta fito da layi guda a allon Malam Da'u: wane ya shiga da ƙarfe kaza, ta eriyar Toranke, ga datar da ya sha zuwa yanzu. Wannan layin shi suke kira zama. In mutum ya fita, layin ya ɓace. Kuma suna ɗaya zama ɗaya yake samu a lokaci guda.

A nan rigimar take. In hadari ya taso ya kashe eriyar Toranke, wayoyin mutane sun yanke, amma saba ba ta samu labari ba, sai ta ci gaba da riƙe su a matsayin suna ciki. Gari ya waye mutum ya zo shiga, ta ce masa ai kana ciki. Wannan shi ne maƙalallen zama, kuma share shi aikin Malam Da'u ne. Duk safiyar da aka kwana ana ruwa, wayarsa ba ta hutawa, kuma in za a faɗi gaskiya, kiran farko yawanci nawa ne. Ni tsohon hedimasta ne, duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina ya san haƙuri ba ya cikin kayan adona.

A allon akwai wani maɓalli da in aka danna shi zai kori kowa da kowa waje a lokaci guda, maƙalallu da masu rai, sai kowa ya sake shiga. Minti ɗaya an gama. Malam Da'u bai taɓa danna shi ba. Bi yake yi layi-layi, yana kallon lambobin data. In sun tsaya cik, ya san babu kowa, ya share. In suna motsi, ya san akwai mutum a bayansu, ya tsallake. In kuwa gyara ya kama dole sai ya katse mai motsi, to sai ya ɗauki waya tukuna.

"Salamu alaikum, Da'u ne daga ofis. Zan rufe na ɗan lokaci. Ka adana abin da kake yi, in ka gama ka yi mini filashin."

Na sha yi masa tsiya a kan wannan. Na ce masa sannu ba ta hana zuwa, amma fa a tuna da ƙarashen maganar, sai a daɗe ba a je ba. Wata rana na tsaya a kansa ina faɗa, ga mutum goma suna jira, shi yana kiran wata ma'aikaciyar jinya a Toranke da ba ta ɗauka. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Hedimasta, in ka shiga aji ka tarar yaro yana rubutu, fizge littafin kake yi?"

"Ai wannan ba aji ba ne, na'ura ce."

"Na'urar tana nan, mutumin yana can. Ban san me take aikawa ba. In sakamakon gwajin wani ne fa?"

Ban daina ƙorafi ba. Sai dai tun daga ranar na lura babu wanda ya taɓa cewa Malam Da'u ya yanke masa aiki a tsakiya.

Wanda yake zaune a gaban wannan allon ya san abubuwan da bai kamata ya sani ba. Ya san wanda ya ce yana Kano alhali wayarsa tana shiga ta eriyar Gafasa. Ya san wanda ke fashin aiki, ya san gidan da aka ba maƙwabta kalmar sirri. Magidanta sun je masa da tambaya a kan iyalansu, shugabannin ma'aikata sun je a kan na ƙasa da su, kowa ya dawo da amsa iri ɗaya: ba a ajiye shi a nan don wannan ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to na Malam Da'u rumbu ne.

Wani manomin Toranke ya ba ni labari da bakinsa. Surukinsa ya zo gidansa ya nemi kalmar sirri, kunya ta hana shi hanawa. Daga ranar bai ƙara samun shiga ba, kullum saba ta ce yana ciki, alhali tsohon ne a can yana sauraron tafsiri. Ya zo ya roƙi Malam Da'u ya katse tsohon a ɓoye, in an tambaya a ce matsalar netwok ce. Malam Da'u ya ce ƙarya dai ba zai yi ba, katsewa a ɓoye ma haka. Sai ya kira tsohon da kansa, suka gaisa har da tambayar gona, ya ce masa ƙungiya za ta ji daɗi in dattijo irinsa ya shigo da sunan kansa. Tsohon ya ji an girmama shi, ya zo ya yi rajista da babbar riga. Har yau bai san surukinsa ya taɓa kai ƙararsa ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani ne daban, kuma rabinsa a gabana aka yi.

Akwai wani matashin magidanci a Gafasa, Ɗanladi, manomi ne kuma ɗan ƙungiya tun farkonta. Shi ya sa aka kafa ƙaramar eriya a kan rufin gidansa saboda matarsa Hidaya, wadda take koyarwa a makarantar al'umma ta garin. Makarantar ta sanar cewa daga sabuwar shekarar karatu, duk malamin da ba shi da takardar shaidar malanta za a sallame shi. Hidaya ta shiga karatun da ake yi daga gida ta intanet, da sunan mijinta take shiga, har ta kai zangon ƙarshe. Ana tsakiyar damina zazzaɓi ya kama Ɗanladi, kafin mako ya zagayo Allah Ya karɓi abinsa. Ya bar ta da yara uku da wannan aikin koyarwar, wanda in ya tafi ba ta da wani.

Dokar ƙungiya ita ce in mutum ya rasu a rufe sunansa. Bayan sadakar bakwai Malam Da'u ya zauna zai rufe, sai ya ga sunan Ɗanladi a cikin masu zama. Ya ɗauka maƙalallen zama ne, na ƙarshe da marigayin ya bari. Ya kai hannu zai share, sai al'adarsa ta sa ya fara duba lambobin. Suna motsi.

Lambar wayar da ke rajista ta mamaci ce, mai ɗaukar ta kuma in an kira mace ce mai takaba. Bai kira ba. Ya koma gida ya roƙi maiɗakinsa, Hanne, ta je Gafasa ta ƙara yin gaisuwa, ta kuma buɗe ido. Hanne ta tarar da Hidaya a ƙuryar ɗaki, waya a cikin hijabi, an rage murya kamar mai sauraron abin kunya, ana lacca. Hidaya ta kama hannunta tana kuka. Ta ce wata huɗu da kwana goma ba za ta fita ba, jarrabawar ƙarshe kuma a cikin takabar za ta faɗo, in ta wuce ta sai baɗi, baɗi kuwa an riga an sallame ta. Ta ce kada kowa ya ji, domin in garin ya ji, cewa za a yi miji ko arba'in bai yi ba tana latse-latsen waya.

Malam Da'u ya sake aika Hanne da shawara: a buɗe wa Hidaya nata sunan. Doka ta ce sai mutum ya zo ofis da kansa, amma shi zai ɗauko ofishin ya kawo zauren gidan. Hidaya ta ce in aka ga babur ɗinsa a ƙofar gida an gama ganewa. Sannan ta ƙara wata magana.

"Yaya Hanne, duk duniya yanzu nan kaɗai ne nake rubuta sunansa a amsa mini. A bar mini shi in gama jarrabawar."

Sai Malam Da'u ya bari. Ni a ganina, kuma na faɗa masa, da ya samu shugaban kwamiti tun a lokacin ya nemi uzuri ba tare da ya kama suna ba, da an rage wahala. Shi ma bai musa ba. Amma haka ya yi, ya ɗauki nauyin a kansa shi kaɗai.

Babba a gidan su Ɗanladi shi ne ƙanin mahaifinsa, Baffa Inuwa, dattijo mai tsoron haƙƙi har ana yi masa tsegumi a kai. Tun ranar rasuwa ya sa aka liƙe rumbun marigayin, aka shigar da babur ɗinsa ɗaki aka lulluɓe, ko fartanyarsa ya hana a ɗauka aro. A wajenmu haka ake yi, kayan mamaci ba a taɓa su sai an raba gado, balle da marayu a ciki. Wata rana ya lura da 'yar koriyar fitila tana ƙiftawa a jikin akwatin da ke ƙarƙashin rufi. Ya tambaya, aka ce masa alamar ana amfani da intanet ɗin Ɗanladi ce, wanda ya biya na shekara guda da kaka. Tsakaninsa da matar ɗansa akwai kunya, ga takaba a kai, ko a ransa bai kawo ita ba. Ya ɗauka samarin unguwa ne suka samu kalmar sirri suna cin dukiyar marayu. Ya hau mota ya zo Gaya wajen shugaban kwamiti.

Ranar Asabar ce da hantsi, kuma ita ce ranar jarrabawar Hidaya. Irin jarrabawar nan ce da in layi ya yanke shafin yake rufewa, a ɗauka ka miƙa abin da ka rubuta. Malam Da'u ya sani, domin Hanne ta gaya masa. Ni ban san komai ba, na je kai ƙorafina na mako ne kawai, ina zaune a kan benci sai ga Alhaji Ɗanasabe, shugaban kwamiti, Baffa Inuwa yana biye da shi, gefen wandonsa duk taɓo.

Aka gaisa, aka yi wa Baffa ta'aziyya. Ya ƙi zama.

"Malam Da'u, an ce mini sunan ɗana yana shiga wajenku. Wanda muka sa a ƙasa da hannunmu."

"Haka ne, Baffa."

"Wa yake shiga da shi?"

"Wannan ba zan iya faɗa ba."

"Ba ka sani ba ne, ko ba za ka faɗa ba?"

"Na sani. Ba zan faɗa ba ne."

Alhaji Ɗanasabe ya gyara tsayuwa. Ba mugun mutum ba ne, shi ya sha wahalar kafa ƙungiyar nan, kuma ya san ranar da aka ji ana cin kayan matattu a cikinta, ranar ta mutu.

"Malam, da kai aka zauna aka yi dokar nan. Wata nawa yanzu ka bar sunan a buɗe? Ga waliyyin marayu a tsaye. Katse shi, ka rufe."

"Alhaji, laifin barinsa a buɗe nawa ne, na ɗauka. Yau ɗin nan zan rufe shi a gabanku. Amma yanzu akwai mutum a ciki, ba zan katse shi ba sai ya fita da kansa."

"To kira shi ka yi masa sallamar taka, mu ba mu hana ba."

"Ba lokacin da za a kira shi ba ne."

"Kai, Malam Da'u! Kujerar nan fa ba gadonka ba ce."

Na san abin da kujerar take nufi a gidan Malam Da'u, domin ba shi da wata babbar gona, 'ya'yansa biyu kuma suna makaranta a lokacin. Ya miƙe a hankali, ya zaro mukulli daga aljihu ya ajiye kusa da linzamin kwamfutar, ya matsa gefe.

"Gaskiya ka faɗa, Alhaji. Ga mukulli, ga linzami, wancan jan maɓallin ne. Ni dai hannuna ba zai yi ba."

Sannan ya juya wajen tsohon, ya rage murya.

"Baffa, kai ne babba a nan. Wanda yake ciki ba ɓarawo ba ne, yana da haƙƙinsa a abin da Ɗanladi ya bari. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan. A gidanku, in mutum yana tsakiyar cin tuwo, ana ɗauke kwanon a gabansa?"

Magadan Ɗanladi ba su da yawa, yaran kuma ko haruffa ba su gama sani ba, tsohon ba ya buƙatar a ƙara masa bayani. Alhaji Ɗanasabe ya miƙa hannu wajen linzami, ba na jin ma ya yi niyyar dannawa, sai Baffa ya riƙe masa hannun riga.

"Dakata, Alhaji." Ya matso kusa da allon. Ba ya karanta boko. "Wanne ne nasa?"

Malam Da'u ya ɗora yatsa a kan layin.

"Wannan abin da yake ta juyawa fa?"

"Alamar akwai mai rai a bayansa ke nan, Baffa."

Tsohon ya jawo kujerar Malam Da'u ya zauna a kanta, ya jingine sandarsa, ya kafa wa layin ido. Ya ce a bar shi ya gama. Malam Da'u ya aika aka kawo shayi, na Baffa ya huce bai taɓa ba. Wayar ofis ta yi ta ƙara, masu maƙalallen zama suna kira, Malam Da'u yana tsaye yana ba su haƙuri, domin ba zai ce wa dattijo ya tashi ba. Ni da na zo da ƙorafi na manta da abin da ya kawo ni. Can wajen gabas hadari ya fara haɗowa ta ɓangaren Gafasa, na ga Malam Da'u yana satar kallon taga, leɓɓansa suna motsi.

Gab da kiran azahar, lambobin suka tsaya, layin ya ɓace.

"Ina ya tafi?" in ji Baffa.

"Ya fita, Baffa. Lafiya ƙalau ya fita, ba yankewa ya yi ba."

Mutanen Gafasa sun ce ko a bakin kabari Baffa Inuwa bai zubar da hawaye ba. A ɗakin nan ya sa gefen rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu kansa, ya ce tun da aka binne yaron bai ga wani abu nasa yana motsi ba sai yau. Wallahi ni ma na yi kuka, kuma ban ji kunya ba. Malam Da'u ya durƙusa kusa da shi ya ce, "Baffa, ka yi masa addu'a in rufe." Tsohon ya ɗaga hannu, muka shafa, aka rufe sunan Ɗanladi. Alhaji Ɗanasabe ya ɗauki mukullin ya tura shi cikin aljihun Malam Da'u da kansa, ya ce Allah Ya shirye shi, ya fita.

Kwanakin intanet da aka ci daga na marigayin, Malam Da'u ya mayar daga nasa rabon na ma'aikaci, aka ajiye sauran har ranar rabon gado. Washegari ya goya Hanne a babur zuwa Gafasa. Baffa Inuwa da kansa ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, ya zauna a bakin ƙofa yadda duk mai wucewa zai ga da saninsa ake yi. Hanne ta shiga da waya, Hidaya ta rubuta sunanta, ta zaɓi kalmar sirrinta. Babu wanda ya yi tsegumi a garin, domin ba a tsegumin abin da Baffa Inuwa ya zauna a kansa. Sakamako ya fito ta ci. Yau tana nan tana koyar da 'yan aji huɗu, babbar 'yarta tana sakandare.

Malam Da'u, bari in juyo gare ka, ko da na san sunkuyar da kai za ka yi. Kai ne aka ba ikon korar gari guda da yatsa ɗaya, ka yi shekara goma kana neman izini. Kai ne ka san sirrin gidaje ka mutu da shi a ciki tun kana raye. Na Hanne, mai ƙofa ba ka tsare hanya. Ka sha zagi a waya daga bakin mutanen da ko sunanka na gaskiya ba su sani ba, mai netwok kawai suke ce maka, ni ma nawa faɗan ka sha ya fi a ƙirga, ba ka taɓa rama wa kowa da maɓalli ba alhali yana gabanka. Ba a taɓa kiran ka an ce netwok ya yi kyau yau, mun gode ba. To yau ga shi na faɗa a gaban jama'a: mun gode.

Zuhra, wadda ya koya wa aikin kuma za ta karɓi mukullin, ta fi shi saurin hannu, ta kuma san sababbin abubuwan da shi da kansa yake cewa sun wuce shi. Ina roƙonta ta riƙe abu guda daga wajensa, ta duba ko lambobin suna motsi kafin ta danna. Roƙon bai tsaya a kanta ba. Duk wanda aka zaunar a gaban allo da sunayen mutane a ciki, a asibiti ne, a makaranta ne, a sakatariya ne, ya sani akwai ranar da wani zai tsaya a kansa ya ce goge, kuma mai sunan ba ya nan balle ya kare kansa. Ranar ba ilimi ake nema a wajenka ba, ilimin kowa yana da shi. Ana neman wanda zai iya ajiye mukulli a kan tebur.

Kafin in rubuta wannan, na je Gafasa neman izinin Hidaya, domin ba zan yabi mai riƙon amana da tona asirin wani ba. Na same ta an tashi tara, alli a hannu. Ta ce in rubuta, ai yanzu ita da kanta take ba mata labarin yadda ta yi karatu a cikin takaba. Ta ba ni nata ɓangaren tiryan-tiryan. Sai na ce zan haɗa da abin da ya faru a ofis ranar jarrabawar.

"Wane abu, Baba Hedimasta?"

Na ɗauka wasa take yi. Ashe duk shekarun nan babu wanda ya gaya mata, Baffa bai faɗa ba, Hanne ba ta faɗa ba, shi kuwa gogan dama ba a magana. Na ba ta labarin a tsaye a bakin aji, tun daga shigowar Alhaji har zuwa mukullin. Allin ya faɗi daga hannunta ba ta sani ba.

"Ni dai abin da na sani," in ji ta, "ranar netwok bai yanke ba ko sau ɗaya. Har na ce yau Allah Ya dube ni."

Da na dawo Gaya na biya ta ofis na maimaita masa maganarta, ina jiran in ga ko sau ɗaya zai karɓi yabo. Ya cire tabarau ya goge idanun da suka gaji.

"To ai gaskiya ta faɗa, Hedimasta."

Allah Ya saka maka da alheri, Malam Da'u. Allah Ya bar maka sauran ganinka, Ya sa ranar da kake tsakiyar naka aikin kada a katse ka sai ka gama.